Ƙafafun da Na Gasa da Hannuna

Da sunan Allah Mai rahama nake fara wannan rubutu. Sunana Rabi, ina zaune a Ƙurban, nan Madina. Karatuna na boko bai wuce aji shida ba, shi ma a Katsina na yi shi kafin mahaifina ya taho da mu, don haka a yi haƙuri da abin da bai fito daidai ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sanyi ya sake shigowa, kuma shekaranjiya na ji mazan unguwa a ƙofar gida suna cewa kan duwatsun Yanbu ya yi fari, suna shawarar zuwa gani. Mijina ma gani ya je.

Mijina, Baban Maryam, a nan aka haife shi, kakansa ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Hausa. Direban babbar mota ne, yana ɗaukar ƙarafa a inda ake gina matatar mai a Yanbu, yana zuwa gida duk bayan mako biyu. Mutum ne mai ƙarfi da barkwanci. Shekara goma sha ɗaya muna tare ban taɓa ganin ciwo ya kwantar da shi kwana biyu a jere ba. Wurin aikinsu sun ba shi takalma masu kauri har idon sawu, da safa ta ulu. Ba ya son su. Yana ce musu kofaton jaki.

Abin da ya faru a kan dutsen ban gani da idona ba. Daga bakinsa na ji, da bakin abokinsa Isufu, mutumin Damagaram da ke aiki tare da shi da iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo.

Wata Juma'a cikin tsakiyar sanyi suka ɗauki ƙaramar motar wurin aiki suka nufi gindin Dutsen Radwa, don sun ji an ce ƙanƙara ta kwanta a samansa. Sun yi sallar Juma'a a wani ƙauye da ke ƙasa. Kayan Juma'a ne a jikinsa: farar jallabiya, da buɗaɗɗen takalmin fata na zuwa masallaci, babu safa. Da suka fara hawa sai suka haɗu da wani tsoho yana koro awaki ƙasa. Tsohon ya dube su, ya dubi sama, ya ce musu da Larabci, "Ya ku 'ya'yana, a wannan wata ba a hawa nan bayan azahar. Ba ku ga gajimaren can ba? Awakina ma sun fi ku sani."

Baban Maryam ya ce, "Ya ammi, sa'a ɗaya ce. Mu taɓa ta da hannu mu dawo, mu samu abin faɗa wa yara."

Ba su kai rabin hanya ba gajimaren ya sauko ya rufe su, har mutum ba ya ganin inda zai sa ƙafa. Ruwa ya biyo baya da ƙanƙara. Hanyar da suka hau ta zama rafi. Isufu ya zame ya gurɗe idon sawu, mijina ya cire rawaninsa ya ɗaure masa, ya ja shi ƙarƙashin wani dutse. A nan suka kwana, ƙafafunsu cikin ruwa. Da safe tsohon nan ne ya hau da mutanensa suka sauko da su. Allah ya saka masa da alheri, ban san ko sunansa ba.

Akwai asibiti a Yanbu. Bai je ba. Isufu ba shi da takardar fita gari daga kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, kuma motar ba tasu ba ce. Mijina ya ga in ya je za a tambaye shi inda ya kwana da wanda suke tare, magana ta kai ofis, a kori bawan Allah zuwa gida. Ya ce wa Isufu, "Ya shekh, ƙafa ce ta yi sanyi, ba karaya ba. In je gida Rabi ta gasa min, jibi ka gan ni." Ya yi shatar tasi zuwa Madina.

Ya iso ranar Asabar da la'asar, mai tasin na tallafe da shi. Yana dariya ya shigo. Ya ce, "Ummu Maryam, na je na gaishe da ƙanƙara, ta riƙe min ƙafa ta hana ni tahowa."

Na duƙa na duba. Yatsun sun yi fari-fari kamar an shafa toka, sun yi tauri kamar kyandir. Na latsa babban yatsa na ce, "Ka ji?" Ya ce, "Me kika yi?"

Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinsa, gidanta na jikin namu. Ta shigo ta kalli ƙafar sau ɗaya ta ce, "Sanyi ne ya shige shi har ƙashi. Rabi, me kike jira? Ɗora ruwa."

Mu abin da muka sani ke nan. In sanyi ya kama mutum, a gasa shi. In ƙafa ta kumbura, a gasa. Na yi wankan jego sau uku, kuma duk lokacin ana gaya mini ruwan da bai sa kin yi ƙara ba bai yi aiki ba. Na ɗora babbar tukunya har ta tafasa, na ɗan surka, na tsoma tawul. Hannuna bai iya matse shi ba, sai da na sa muciya na ɗago shi. Na naɗe ƙafarsa ta dama da shi, na ɗaga kai ina jiran ya zabura.

Bai motsa ba. Ya ce, "Kin fara ne?"

Gwaggo ta ce, "Kin gani? Sanyin ya yi nisa. Kada ki surka wannan karon."

Ban surka ba. Na gasa dama, na gasa hagu, na sake komawa dama. Na murza da man zafi da dukan ƙarfina. Bayan magariba muka cika kasko da garwashi muka ajiye kusa da tafin ƙafarsa, muka lulluɓe shi da bargo biyu. Yana shan shayi yana tsokanar Gwaggo, wai ta mai da shi tsire saura yaji. Ta ce, "Ai da ka ji magana da ba a gasa ka ba, ɗan banza mai hawan dutse da kayan ango." Duk muka yi dariya. Ni ma na yi.

Da gari ya waye ƙafafun sun kumbura sun yi bororo, wasu cike da ruwa, wasu da jini. A ranar ne ciwon ya zo. Ban taɓa jin namiji ya yi irin wannan nishi ba. Na ce mu tafi asibiti. Ya ce a bari bororon su faɗa tukuna, kuma in aka je yanzu za a yi tambaya. Gwaggo ta ce zafi ne ke fitowa, alamar sauƙi ce, abin da ake buƙata shi ne abin da zai sanyaya fatar. Ta kwaɓa lallen Madina mai kyau, muka shafe ƙafafun da shi har idon sawu, muka ɗaure da tsumma. Ya ce ya ji daɗinsa. Don haka muka maimaita kullum.

Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farko ɓoyuwa. Lallen ya kama, ƙafar ta yi ja, ta koma baƙi-baƙi. Duk safiya ina dubawa, in ga yatsun sun ƙara duhu, in ce wa kaina lalle ne. Zuciyata ba ta yarda ba. Nakan ajiye hannuna da na ƙunsa kusa da ƙafarsa ina gwada launin. Nawa ja ne mai duhu. Nasa kamar gawayi. Amma ba wanda zan nuna wa ya ce mini ga inda lalle ya tsaya, ga inda wani abu ya fara.

Rana ta tara wari ya fito. Maryam, babbar 'yarmu, ita ta fara faɗa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce da Larabci, kamar yadda yaran nan suke yi, "Ummi, akwai abin da ya mutu a ɗakin Baba." A ranar zazzaɓi ya rufe shi. Na aika unguwar Bani Harisa aka kira yayansa, Yaya Bukari, muka sa shi a mota ba tare da neman yardarsa ba.

Mun isa asibiti da hantsi, ba mu ga daktur ba sai bayan azahar. Lokacin masu Umra ne, layin ya fito har baranda, kuma mai ba da lamba ya ce wanda ke iya zama ba mai gaggawa ba ne. Wannan har yau yana damuna. Daktur ɗin da muka samu Basudane ne, dattijo mai furfura. Ya sa aka wanke ƙafar, ya daɗe yana dubawa, ya soka allura a wurare da yawa. Sai ya juyo ya ce, "Wannan ƙuna ce a kan ƙuna. Ta farko ta sanyi, ta biyu ta wuta. A ina mutumin nan ya kwana? Kuma wa ya sa masa ruwan zafi?"

Baban Maryam ya buɗe baki zai yi wata magana, na riga shi. Na ce, "A kan dutse ya kwana. Ruwan kuma ni ce."

Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, wataƙila da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ya binti, naman da sanyi ya daskarar ba ya jin wuta, amma yana dahuwa." Ya ce ruwa mai ɗumi kawai ake sa wa, wanda gwiwar hannu za ta zauna a ciki ba ta damu ba. Ba a murzawa, ba a kai shi kusa da garwashi, ba a shafa abin da zai ɓoye launin fata, kuma a ranar ake kawo mutum asibiti. Sannan ya faɗi sunan ciwon: gargarina. Wato naman ya mutu yana ruɓewa, kuma yana hawa sama. Da aka auna jininsa aka ga yana da ciwon sukari, wanda ba mu taɓa sanin yana da shi ba. Daktur ya ce hagu za a iya cetonta in an cire yatsu biyu. Dama kuwa sai an yanke rabin tafin, gobe ko jibi, kada a wuce haka.

Mijina ya ce, "Dama? Da ita nake taka birki, ya daktur. Yanke hagun duka, na ba ka kyauta." Daktur bai yi dariya ba. Aka kawo takarda, ya ƙi sa hannu.

Aka kwantar da shi a ɗakin maza. Yaya Bukari ne ke kwana da shi. Ni sai lokacin ziyara, bayan la'asar, sa'a biyu. Tun azahar nake zuwa in tsaya a bakin ƙofa cikin mata, da kwanon kunu a hannu, ina kallon fuskar duk ma'aikacin da ya fito ko zan karanta wani abu. Asibitin gwamnati ba a biyan komai, wannan mun gode. Zirga-zirgar mota ce ta ci awarwarona.

Makon da ya biyo baya, makon shawara ne. Kowa ya zo da tasa. Wani ya ce a kai shi Masar. Wata ta ce zuma da habbatus sauda. Gwaggo ta ce likitoci wuƙarsu a kusa take, ta san wani da aka ce za a yanke wa hannu, ga shi can yana sayar da dabino da hannu biyu. Yaya Bukari ya ce akwai wani tsoho a bayan Bani Harisa mai lalas da ƙarfe, ya warkar da mutane da yawa. Ni kaɗai nake cewa a sa hannu. Amma muryata ba ta da ƙarfi a lokacin. Duk wanda na kalla sai in ga kamar yana cewa, ke da kika gasa shi. Ba wanda ya faɗa. Ni ce nake faɗa wa kaina.

Na ce masa, "Baban Maryam, don Allah ka sa hannu. Rabin ƙafa ne."

Ya ce, "Duk Asabar in ina gari da ƙafa nake zuwa Masallacin Ƙuba tun ina yaro. Yanzu in koma ana tura ni a keke kamar buhun shinkafa?"

Na ce, "Ni zan tura."

Ya ce, "Ke da ba ki iya tura ƙofar gida sai kin kira ni."

Da alli mai shuɗi daktur ya zana layi a inda baƙin ya tsaya, don mu gani da idonmu. Kullum in na shigo, kafin in gaishe shi, bargon nake ɗagawa. Ranar farko baƙin na kan layin. Rana ta uku ya haye da faɗin yatsa. Yaya Bukari ya so a fitar da shi a kai wa mai lalas, daktur ya ce in suka fitar da shi kada su dawo masa da shi. Aka yi ta ja. Kwana takwas muka ɓata a haka.

Isufu ne ya karya gardamar. Ya samu takarda ya zo daga Yanbu yana ɗingishi. Da ya ga ƙafar sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ya ce, "Malam, saboda ni ka ƙi zuwa likita. In ba ka sa hannu ba, wallahi yau zan je in faɗa wa kafilina komai, su kore ni, in huta."

Mijina ya ce, "Kai Badamagare, da ka faɗi a dutse ni na ɗauke ka, yanzu kuma ka zo ka faɗi a asibiti? Ba ni da ƙafar ɗaukarka. Ku kawo takardar."

Amma rabin tafi ya riga ya wuce. A ƙasan gwiwa aka yanke.

Mako na biyar mun samu sauƙin da ya yaudare mu. Zazzaɓi ya sauka, ya ci tuwo, ya sa aka kawo masa rediyo. Ya fara lissafin yadda zai buɗe ɗan kanti a ƙofar gida. Ya ce wa Gwaggo yanzu lallenta zai riƙa auki, tunda ƙafa ɗaya ta rage. Gwaggo ta fita baranda ta yi kuka. Ina so a sani ban riƙe ta da komai ba. Ita ta rene shi, kuma abin da ta sani ta ba mu, kamar yadda ni ma abin da na sani na yi.

Sai hagun ta ƙi warkewa. Inda aka cire yatsun ya riƙa ruwa, sukarin ya ƙi sauka, zazzaɓi ya dawo da rawar jiki. Daktur ya ce dafin ya shiga jini. Aka canja allurai sau biyu. Akwai wata ma'aikaciya 'yar ƙasar Filifin da ke barina in ƙara minti goma bayan an kaɗa ƙararrawa, tana yin kamar ba ta gan ni ba. Akwai kuma ranar da ruwan da ake ƙara masa ya ƙare tun azahar, ba wanda ya zo sai da Yaya Bukari ya ɗaga murya. Duka biyun na rubuta, don duka sun faru.

Ranar Talata ta mako na bakwai hankalinsa ya dawo sosai. Yaya Bukari ya fita ya bar mu. Na daɗe ina riƙe da maganar, sai na ce, "Ka yafe mini ruwan nan."

Ya ce, "Wane ruwa?"

Na ce, "Ka sani."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Rabi, da muke ƙarƙashin dutsen nan, Isufu yana ta salati, ni abu ɗaya nake tunani. Ina cewa in na kai gida za ki ɗora mini ruwa. Shi ya riƙe ni har safe. Na zo, kin ɗora. Me zan yafe?" Ya ɗan numfasa ya ce, "Tsoho ya ce kada mu hau. Ni na hau."

Ranar Alhamis da azahar ya cika, ina bakin ƙofa da kwanon kunu, lokacin ziyara bai yi ba. An yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara.

Bayan na fita takaba Isufu ya kawo kayansa na Yanbu a cikin kwali. Bargo, butar shayi, rediyon da ya lalace, da jallabiya biyu. A ƙasan kwalin ga takalman aikin nan, kofaton jaki, da safar ulu cushe a cikin kowanne. Isufu ya ce a bakin ƙofa mijina ya bar su a safiyar Juma'ar nan. Shi Isufu ya ce masa ya sa, mijina ya ce wa ke zuwa Juma'a da kayan aiki.

To, ga abin da zan ce wa masu shawarar zuwa ganin farin dutse. Mu mutanen zafi ne, mun san yadda rana ke kisa, ba mu san yadda sanyi ke yi ba. In mai awaki ya ce ku koma, ku koma. Kada ku hau da rana ta karkata. Ku rufe ƙafa, ku faɗa wa wani inda za ku. In kuma an kawo muku mutum ƙafarsa ta yi fari ba ya jin taɓi, ku matan gida, kada ku ɗora tukunya, kada ku kwaɓa lalle. Ku naɗe shi da bargo ku nemi mota, ko da zai yi fushi, ko da za a yi tambaya.

Takalman suna nan a bayan ƙofata, na shafa musu mai. Lamba arba'in da uku ne. Duk wanda ya ƙi jin maganata ya ce sai ya hau, ya biyo ta Ƙurban ya tambayi gidan Ummu Maryam, in ara masa.